Ɗan da Ya Girmi Ubansa: Lambobin Littafi Mai Tsarki da Amsar da Ta Dace da Su

Littafin Sarakuna na Biyu ya ce Ahaziya yana da shekara 22 lokacin da ya hau gadon sarautar Yahuza. Littafin Tarihi na Biyu, a nassinsa na Ibrananci, ya ce shekararsa 42. Ubansa Yehoram kuwa ya hau mulki yana da shekara 32, ya yi shekara 8 a kai, ya rasu yana ɗan arba'in, kuma littattafan biyu sun yarda da haka. In aka ɗauki 42 yadda take, ɗan ya girmi ubansa da shekara biyu ke nan, alhali shi ne autan gidan.

Irin wannan tambaya ce take yawo daga waya zuwa waya a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, cikin jerin ayoyi bibbiyu da aka gwama, kowane biyu da lambobin da suka saɓa. Turakun dawakin Sulemanu 4,000 ne ko 40,000? Yunwar da aka yi wa Dawuda tayi ta shekara 3 ce ko 7? Sarki Yehoyakin, wanda ake kuma kira Yekoniya, ɗan shekara 8 ne ko 18? Mai wa'azin nan na Afirka ta Kudu, Ahmed Deedat, wanda ya rasu a 2005, ya yayata da yawa daga cikinsu a ƙananan littattafansa da muhawarorinsa, irin wadda ya yi da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986. Kaset-kaset ɗinsa sun zaga Arewa tun kafin zuwan wayar hannu. Yau WhatsApp ya karɓi aikin, kuma masu turawa sun haɗa har da samarin da suka taso a coci suka daina gaskata kowane littafi.

Wanda saƙon yake iskewa

Kiristan wannan yanki Bahaushe ne gaba da baya. Da yawa daga cikinsu jikokin Maguzawa ne, suna noman rake da tumatir da barkono kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwansu Musulmi, wani lokaci ma kakansu ɗaya. Tarihin bangaskiyarsu a nan ya haura shekara ɗari. Gab da Yaƙin Duniya na Farko aka kafa zangon Kirista a Gimi, wadda take ƙaramar hukumar Makarfi a yau, domin zuriyar Isawa da suka nemi Dokta Walter Miller a Zariya. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya mishan ta tare a Wusasa a 1929. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Yanzu Cocin Angilikan yana da dayosis a Ikara, ga kuma ECWA da Baptis da Katolika a ƙauyuka.

Ɗan irin wannan gida shi ne yake samun saƙon a aji ko a tashar mota, ya kai wa mai bisharar ƙauyensu. Amsa biyu ce ya fi samu. Ko dai a ce masa babu wani saɓani, aikin maƙiya ne, ko a ba shi wani jerin da zai rama da shi a kan littafin maƙwabcinsa. Ta farko tana rushewa ranar da yaron ya buɗe ayoyin ya gani da idonsa, daga nan kuma ya daina yarda da malamin a sauran al'amura. Ta biyu tana da haɗarin da mutanen Jihar Kaduna suka san ɗacinsa. Rikicin Maris na 1987 ya faro ne daga gardama kan wa'azi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtua.

Akwai amsa ta uku, wadda ta fi waɗannan wuya, domin sai an fara da amincewa cewa lambobin sun saɓa. Bayan haka sai a ƙi yi musu kuɗin goro, a ware su iri-iri, kowanne da dalilinsa.

Zamewar alƙalami

Kafin injin ɗab'i, kowane kwafin Tsohon Alkawari hannun mutum ne ya rubuta shi daga wani kwafin, tsara bayan tsara, fiye da shekara dubu. In mai kwafi ya ɓata kalma a cikin labari, ma'anar jimla takan tona kuskuren. Lamba ba ta da wannan kariya. Jimlar da ta ce 42 tana karantuwa sumul kamar wadda ta ce 22.

A batun Ahaziya, littafin da kuskuren yake ciki shi ne ya ba da abin gyara shi, tun da babi ɗaya kafin nan ya faɗi shekarun uban. Tsohuwar fassarar Suriyanci ta ce 22, haka ma wasu kwafe-kwafen fassarar Girkanci da ake kira ta Saba'in, wadda aka fara tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu. Shi ya sa fassarori da yawa na zamani suke sa 22 a ayar, su bayyana a ƙasan shafi abin da Ibranancin ya ce.

Batun Yehoyakin ya samu shaida daga ƙarƙashin ƙasa. Nebukadnezzar ya ci Urushalima a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, ya kwashe sarkin zuwa Babila bayan mulkin wata uku. Littafin Sarakuna, wanda ya ce shekararsa 18, ya lissafa matan sarki cikin waɗanda aka kwasa. A tonon da Bajamushe Robert Koldewey ya yi a kufan Babila daga 1899 an samu allunan yumɓu na ma'ajin fada, waɗanda Ernst Weidner ya wallafa a 1939. Suna ɗauke da rabon mai da ake ba sarkin Yahuza, da sunansa, tare da 'ya'yan sarki biyar, ɗaya daga allunan kuwa na shekara ta 592 ne. Yaron da yake da shekara 8 a 597 yana da 13 a 592. Mai shekara 18 ya kai 23, wanda ya fi dacewa da magidanci mai iyali. Kalmar goma ce ta faɗi daga kwafin Tarihi.

Dawakin Sulemanu ma haka. A Ibrananci, wanda ɗan'uwan Larabci ne, huɗu da arba'in tushensu ɗaya, ƙarshen kalma kawai ya raba su. Bahaushe ya san wannan a bakinsa: a lissafin wuri na da, "arba" dubu huɗu ce, "zambar arba'in" dubu arba'in. Littattafan biyu sun ce karusan Sulemanu 1,400 ne. Turke 4,000 ya ba kowace karusa kusan doki uku, 40,000 kuwa ya ba ta kusan talatin. Ba wuya a gane wadda ta fi kama da asali.

Akwai wani bayani da ake yawan ji a coci, wai marubutan farko da haruffa suke rubuta lambobi, harafin 20 ya rikiɗe ya zama na 40. Wanda ya san ramzi zai ga kyan wannan bayani, domin a ajami ɗigo ɗaya ne ya raba harafin da yake 8 da wanda yake 3 da wanda yake 600. Amma kwafe-kwafen Ibrananci da suka iso hannun mutanen yau da kalmomi suke rubuta lambobinsu, kuma amfani da haruffa a matsayin lamba ya fara bayyana ne a kan kuɗaɗen Yahudawa na ƙarnukan dab da zuwan Almasihu. Abin da ya tabbata shi ne, a zamanin sarakuna magatakardan Samariya da Arad suna rubuta lissafi a kan tsingaro da alamun Masar, Yahudawan tsibirin Elefantin kuma a ƙarni na biyar kafin haihuwar Almasihu suna jera zane-zane kamar mai auna hatsi yana jan layi a bango. Zane ɗaya in ya goge, lamba ta canja.

Kowa da yadda yake ƙirga

Iri na biyu ba kuskure a cikinsa ko kaɗan. Jaririn da aka haifa ranar Litinin ana raɗa masa suna Litinin mai zagayowa. Mai ƙirga kwana zai ce bakwai, mai ƙirga yini tun daga ranar haihuwa zai ce rana ta takwas, kuma ba wanda ya yi ƙarya. A Maraɗi mai jin Faransanci yakan kira mako biyu kwana goma sha biyar. Yahudawa ma suna ɗaukar guntun yini a matsayin yini, shi ya sa daga yammacin Juma'a zuwa asubahin Lahadi ya zama kwana uku a Linjila.

Shekarun sarauta sun fi wannan sarƙaƙiya. Littafin Sarakuna na Biyu da kansa ya ce Ahaziya ya hau mulki a shekara ta 12 ta Yoram na Isra'ila, a babi na gaba kuma ya ce ta 11. Edwin Thiele, a binciken da ya wallafa a 1951, ya nuna cewa fadodin Gabas ta Tsakiya suna da hanya biyu. Wasu suna ƙirga ragowar watannin shekarar da sarki ya hau a matsayin shekararsa ta ɗaya, wasu suna jira sai sabuwar shekara ta kama. Ya kuma kawo hujja cewa Yahuza da Isra'ila ba wata ɗaya suke fara shekarar sarauta ba, kuma ɗa yakan yi mulki tare da ubansa kafin uban ya rasu, a ƙirga shekarun ga kowannensu. Masana sun yi wa tsarinsa gyare-gyare, amma ya daidaita mafi yawan lambobin sarakuna da bayanan Assuriya da Babila.

Mutumin ƙasar Zazzau bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya sa Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, a ƙarni na 15. Jerin sarakunan Zazzau ya ɗaura ta da Bakwa Turunku, a ƙarni na 16. Ga kuma shekarar wata da ta rana, inda 33 na Hijira suke daidai da kusan 32 na Miladiyya. Masanin tarihi yana zama ya auna waɗannan, ba ya watsar da kundin gaba ɗaya.

Me aka ƙirga, da wane ma'auni

Dattijon Makarfi in ya ce jaka, yana iya nufin naira 200, domin jaka fam 100 ce kafin a canja kuɗi a 1973. Ɗan kasuwar Maraɗi in ya ce jaka yana nufin sefa 1,000, in ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100. Wanda zai karanta takardun su biyun bayan shekara dubu zai rantse ɗayansu maƙaryaci ne.

Kalmar Ibrananci ta dubu tana da irin wannan hali. A Littafin Mahukunta, Gidiyon ya yi amfani da ita yana nufin danginsa a cikin kabilar Manassa. Saboda haka wasu masana, tun daga Flinders Petrie a 1906, suke ganin a wasu ƙidayoyin yaƙi tana nufin iyali ko rukunin mayaƙa. Wannan ra'ayi yana sauƙaƙa wasu wurare, amma bai dace da kowane jimilla ba, don haka bai kamata a mai da shi maganin kowace cuta ba.

Wani lokaci abin da aka saya ne ya bambanta. Sama'ila na Biyu ya ce Dawuda ya biya shekel 50 na azurfa domin masussuka da shanu, Tarihi na Farko ya ce shekel 600 na zinariya domin wurin. Mai yiwuwa ne ɗaya kuɗin masussuka yake faɗa, ɗaya kuɗin filin da aka gina Haikali a kai daga baya. Wani lokacin kuma kwafin da marubuci ya karanta ne daban. Istifanus, a Ayyukan Manzanni, ya ce mutum 75 na gidan Yakubu suka gangara Masar, Farawa na Ibrananci ya ce 70. Fassarar Saba'in ta ce 75, domin ta haɗa da jikokin Yusufu. Da aka gano naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri daga 1947, sai ga guntayen Fitowa na Ibrananci su ma da 75.

Waɗanda ba su warware ba

A nan ne ake gane malamin gaskiya. Ƙidayar da Yowab ya yi wa Dawuda ta ba da mayaƙa 800,000 na Isra'ila da 500,000 na Yahuza a Sama'ila, amma 1,100,000 da 470,000 a Tarihi. Ana iya cewa 500,000 cikon 470,000 ce, yadda ake cewa buhu ɗari alhali 94 ne. Ana kuma iya cewa Tarihi ya haɗa da rundunonin sarki goma sha biyu masu mutum 24,000 kowacce, wato 288,000, wanda ya kai jimilla kusa da 1,100,000. Lissafin ya zauna, sai dai nassin bai faɗi haka ba, zato ne na masu sharhi. Abin da nassin ya faɗa shi ne ba a ƙirga Lawi da Biliyaminu ba, ba a gama ƙidayar ba, ba a kuma shigar da ita littafin fada ba. Ƙasar da ta soke ƙidayar 1962, ta yi ta gardama kan miliyan 55.6 na 1963, ta sake soke ta 1973, ta san yadda ƙidaya ɗaya take haifar da lambobi biyu.

Jerin waɗanda suka komo daga bauta a Babila ya fi wannan wuya. Ezra da Nehemiya duk sun ba da jimilla 42,360. In aka tara gidajen ɗaya bayan ɗaya, na Ezra 29,818 ne, na Nehemiya 31,089. Gidan Ara 775 ne a wurin ɗaya, 652 a wurin ɗayan. A 1954 H. L. Allrik ya nuna cewa yawancin bambance-bambancen sun yi kama da abin da zai faru in an kwafo jerin daga takarda mai zane-zane. Wannan ya bayyana yadda aka yi, bai nuna wace lamba ce ta asali a kowane gida ba.

Sai aya ta farko ta babi na 13 na Sama'ila na Farko, inda Ibranancin ya mai da Saul ɗan shekara ɗaya lokacin hawansa, ya ba shi mulkin shekara biyu. Lambobin sun faɗi tun da daɗewa. Wasu masu fassara suna cike gurbin da ƙiyasi, wasu suna barin ɗige-ɗige a wurin.

Abin da saɓanin ya tabbatar

Masu tura jerin suna ɗauka sun tono abin da aka binne. Alhali malaman Yahudawa sun tattauna shekarun Ahaziya tun a ƙarni na biyu, inda wasu suka ce 42 shekarun gidan sarautar Omri ne, dangin uwarsa. A farkon ƙarni na biyar Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta wa Jerom cewa in ya ci karo da irin wannan, yakan ɗauka ko kwafin ne ya ɓaci, ko mai fassara ya kauce, ko shi ne bai fahimta ba. Ko taron masu ra'ayin riƙau da ya zauna a Chicago a 1978, ya ce rashin kuskure na rubutun asali ne, kwafi kuwa gwargwadon amincinsa ga asalin.

Maƙwabci Musulmi yana da dalilin da ya sa abin yake ba shi mamaki. Ya taso yana ganin alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka, a kai wa wasu alarammomi su duba, in alƙalami ya zame a gyara nan take, domin dubban ƙiraza suna riƙe da nassin. Ya san kuskuren na mai rubutu ne. Littafi Mai Tsarki bai zo ta hanyar hadda irin wannan ba. Littattafai ne masu yawa, na marubuta masu yawa, masu duba shi kuwa su ne dubban kwafe-kwafe da tsofaffin fassarori da ake gwama su da juna. Ya kamata Kirista ya faɗi wannan bambanci a fili, ya bar maƙwabcinsa ya auna.

Akwai kuma abin da ya cancanci a lura da shi. Malaman Tibariya da suka tsara nassin Ibrananci, waɗanda aikinsu ya kai ga kundin Halab na wajen 930 da na Leningrad na 1008, mutane ne masu ƙirga kalmomi da haruffan kowane littafi. Sun san shekarun Yehoram, sun iya tara 32 da 8. Gyara 42 ta koma 22 aikin ɗan lokaci ne, da kuwa ba wanda zai taɓa tura wannan tambaya a waya. Sun bar ta yadda suka same ta, domin ba su ga suna da izinin taɓa abin da aka ba su amana ba. Wanda yake zargin an yi ta sauya littafin yadda aka ga dama, sai ya bayyana dalilin da masu sauyin suka ƙyale abin da ya fi kome ba su kunya.

Wannan bai tabbatar da cewa littafin hurarre ne ba, wannan magana ce ta bangaskiya, kuma mai shakka yana da 'yancin tsayawa a kan shakkarsa. Abin da ya nuna ya fi haka ƙanƙanta, amma yana da ƙarfi. Saɓanin yana cikin shekaru da dawaki da ƙidaya, an san wurarensa, an daɗe da rubuta su a ƙasan shafi, kuma babu koyarwar Kirista ko ɗaya da take rataye a kan yawan turakun Sulemanu.

Mai bisharar da yaro ya kawo wa jerin ba ya bukatar Ibrananci kafin ya amsa. Ya zaunar da shi, su buɗe ayoyin biyu tare, su karanta babin da ya gabata da wanda ya biyo baya, su tambayi ko zamewar alƙalami ce, ko hanyar ƙirga, ko abin da aka ƙirga. Inda amsa ta fito ya faɗe ta, inda zato ne ya kira shi zato, inda ta ƙi fitowa ya ce ta ƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an haƙa shi domin kare littafi mai tsarki. Yaron da aka gaya wa gaskiya a kan shekarun Saul zai koma aji ya iya zama da abokinsa su yi maganar cikin natsuwa, kuma gobe in wata tambayar da ta fi wannan nauyi ta taso, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.